Kafin ka manna tayil, nemo wa tukunyar gas wurin zama

Ɗana, an ce mini ka sauke yashi da bulo a ƙofar gida, za ka gyara wa mai ɗakinka kicin, har ka je Katsina ka taya murhun gas irin wanda ake nutsawa cikin kanta. Madalla, Allah ya sa albarka. Ba zan ce maka kada ka yi ba. Ni da na tashi ina ganin mahaifiyata durƙushe a bakin murhu da damina, tana hura jiƙaƙƙen itace ido na zubar da ruwa, ba ni da bakin kushe gas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gidaje yana kashe mutum wajen miliyan 3 kowace shekara, kuma ka san su wa ke shaƙarsa: mata da 'ya'yan da ke goye a bayansu. Ga itacen ma ya zama abin da ya zama. Dajin Rugu da a da ake lodo daga gefensa, yau ba kowa ke da zuciyar dosarsa ba. Kananzir kuwa tun da aka janye masa tallafi a 2016 ya fi ƙarfin risho. Saboda haka ka yi gyaranka. Abu ɗaya nake so ka ji daga bakina kafin birkila ya kwaɓa siminti.

Kwanakin baya na shiga Dutsin-Ma ran Laraba, na ci kasuwa, na biya gidan wani ɗan ƙanena in yi azahar. Ka san yadda garin ya koma tun da aka kafa jami'ar tarayya a 2011: unguwannin da muka sani gonaki ne sun cika da gidaje masu falo da kicin a ciki, malamai da ma'aikata kowa na gina irin abin da ya gani a Kaduna ko Abuja. Yaron nan ya ja hannuna yana murna, wai in zo in ga aiki. Gaskiya aiki ya yi kyau. Tayil fari tas har sama, kabad a jere, mabul baƙi yana ɗaukar ido, murhun gilashi mai kai 4 ya zauna daram. Na ce to ina tukunyar? Ya yi dariya, ya ce ai nan gwanintar take, Baba, ba a ganinta. Ya durƙusa ya buɗe wata ƙofar kabad a ƙarƙashin murhun. Ga ta nan, mai kilo 12.5, an cusa ta cikin akwatin katako da ba shi da ko hudar da sauro zai bi, tiyo ya naɗe kamar maciji, kuma a jikin bangon, cikin akwatin nan dai, ga soket ɗin da aka jona wayar kunna murhun. Taga ɗaya ce a ɗakin, can sama kusa da silin, an liƙe ta da gilashi saboda ƙura.

Ban iya cin abincin da aka kawo mini ba.

Abin da yaron bai lura da shi ba, kuma da yawanku ba ku lura ba, shi ne madafar iyayenmu tana yafe kuskure. A gidanmu na Kurfi madafa rumfa ce a kusurwar tsakar gida, gefe biyu a buɗe, iska na shiga ta fita yadda ta ga dama. Wutar itace kuma ba ta da munafunci: kana ganinta, kana jin ƙaurinta, in ta kama zana kowa ya gani ya kawo ruwa. Mun ɗauki wannan sakacin da buɗaɗɗiyar madafa ta koya mana, mun shigar da shi ɗaki mai ƙofa da gilashi, muka haɗa shi da makamashin da ba a gani.

Ka san halin abin da za ka kawo gidanka. Abin da ke cikin tukunyar nan ruwa ne, an matse shi. In ya sami hanyar fita, lita 1 tana komawa iska wajen lita 250. Kuma ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. Hayaƙi sama yake yi, shi ya sa magina suka saba huda taga a sama, kuma suna da gaskiya in itace ake magana. Gas kuwa ƙasa yake bi kamar ruwa. Yana kwanciya a daɓe, ya cika ƙasan kabad, ya gangara rariya, ya bi ƙarƙashin ƙofa ya shiga ɗakin da yara ke kwance a tabarma. Tagar da ke can sama ba ta san ana yi ba. Ba ya kuma buƙatar yawa. In ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Kicin mai mita 3 tsawo, 3 faɗi, 3 tsayi, gas da bai fi kilo 1 da 'yan kai ba ya isa ya mai da shi duka abin fashewa. Cikin akwatin kabad kuwa, abin da zai tsiyaya daga sassautaccen tiyo tsakanin isha'i da asuba ya wadatar. Sai a kawo wuta da tsakar dare, firji ya tashi, soket ya yi ƙyas.

Warin nan da kake ji kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ba na gas ɗin ba ne. Shi ba shi da wari. Da gangan ake zuba masa wani sinadari don hanci ya yi maka gargaɗi, kuma sai da aka yi asarar rayuka kafin a koyi yin hakan. A 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka, ya tashi da ita, mutum kusan 300 suka mutu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Bayan nan aka wajabta sa wari. To ka ga, duk wanda ya ji warin nan a gidansa ya ce ai haka gas yake, ya yi watsi da gargaɗin da aka saya da tsada.

Saboda haka tsarin aikinka ya juya. Kada ka fara da launin tayil. Ka tsaya a tsakiyar ɗakin tun yana kango, ka tambayi kanka abu biyu: ina tukunya za ta zauna, kuma in ta yi yoyo ina gas ɗin zai bi ya fita? Amsar da ta fi kowace ita ce tukunya ta zauna a waje. Ka sa a gina mata ɗan keji a bayan bangon kicin, a gefen da ke samun inuwa, daɓe a miƙe, rufi a sama, ƙofa ta raga ko ta sandunan ƙarfe yadda iska za ta ratsa ta ƙasa. Ka sa kwaɗo, don ɓarayin tukunya ba su da hutu. Kada kejin ya yi maƙwabtaka da janareta, ko bakin sokawe, ko rariya, ko wurin da ake hura gawayi. Daga can a jawo bututun jan ƙarfe ya ratsa bango ta cikin wani bututun da ya fi shi faɗi, don kada siminti ya ci shi, sannan a sa makulli a ciki, a inda hannun mai girki zai kai ba tare da ta miƙa shi ta saman wuta ba. Kuɗin wannan duka bai kai na kabad biyu ba. Na san abin da za ka ce, gidan haya ne ko fili ya ƙare. To in dole sai a ciki, tukunya ta tsaya a fili inda ake ganinta, nesa da wuta gwargwadon tsawon tiyo, ko kuma a cire ƙofar kabad ɗin a sa raga, a huda bango daidai daɓe a sa wa hudar waya saboda ɓera. Soket kuwa ya bar wurin. Munin tukunya a ido ba ya kai kowa asibiti.

Ka sayi murhun kafin a yanka mabul. Wannan ƙaramar magana ce amma ta sa mutane asara: kowane murhu da girman ramin da yake so, akwai mai santimita 60, akwai 75, akwai 90, kuma takardar da ke cikin kwalin ta faɗi awon. In mai yanka ya yi da ka, ko dai ramin ya yi faɗi a cike da tarkace, ko ya matse gilashin ya tsage ran da ya ji zafi. Takardar ta kuma faɗi tazarar da za a bari sama da wuta, yawanci santimita 65 zuwa 75 kafin kabad ko na'urar zuƙe hayaƙi. Ka duba silin ɗinka ma. Na roba da ake yayi yanzu, in wuta ta lashe shi narkewa yake yana ɗiga a kan mutum. Kada kuma murhu ya zauna a ƙarƙashin taga mai labule, ko a inda iskar hunturu za ta riƙa busa wutar tana kashewa gas na ci gaba da fita. In kana da hali, nemi murhu mai ɗan ƙarfen nan a gefen kowane kai wanda ke datse gas da kansa in wuta ta mutu. Madara ko miya in ta tafaso ta kashe wuta uwargida na ɗaki tana shayarwa, shi ne zai tsaya mata.

Sai maganar wanda zai haɗa. Kafinta gwanin katako ne. Mai walda gwanin ƙarfe ne. Mai gyaran famfo ya san ruwa, kuma in ruwa ya yi yoyo tsumma ake sawa. Ba wanda a cikinsu zai ce maka bai iya ba, don a ƙasar nan ba a cewa ban iya ba in an ga kuɗi. Ka je wurin masu tashar gas ta gaskiya, mai lasisin hukumar NMDPRA, ka ce su haɗa ka da wanda aikinsa ke nan, ko da daga Katsina za ka ɗauko shi ka biya masa mota. Kuma ran da zai yi aikin ka bar duk abin da kake yi ka tsaya a kansa.

Ga abin da za ka sa wa ido. In murhun na gwanjo ne, irin wanda aka yi amfani da shi a Turai, akwai yiwuwar an saita shi ne don gas ɗin bututu da ke shiga gidajensu, wanda ba irin namu na tukunya ba ne. 'Yan ƙananan hancin tagulla da ke ƙarƙashin kowane kai, hudarsu ta fi faɗi. In aka jona shi haka nan, wuta za ta yi tsalle ja-ja, ta baƙanta gindin tukunya, ta sha gas kamar rami, ta kuma cika ɗaki da iskar nan mai guba da ba ta da wari, wadda ke sa ciwon kai da jiri, irin wadda ke kashe masu kwana da gawayi a rufaffen ɗaki da sanyi. Sai an canza hancin zuwa na gas ɗin tukunya. Sababbi ma wasu da hancin biyu suke zuwa a leda, sai mai haɗawa ya duba wanne ke ciki. Wutar kirki shuɗiya ce, gajera, ba ta rawa.

Kan da ake ɗaurawa a bakin tukunya shi ma iri-iri ne. Murhun gida yana son mai sassauƙan ƙarfi, wajen milibar 28 zuwa 30, an rubuta a jikinsa. Akwai wani mai abin murɗawa da masu suya da masu gidan abinci ke sa wa manyan murahun ƙarfe. In aka ɗaura wa murhun gilashi wannan, wai don wuta ta yi ƙarfi, an tura masa abin da ba a gina shi ya ɗauka ba. Tiyo kuma ya zama na gas, mai kauri, da shekarar da aka yi shi a rubuce, ba na ban-ruwan lambu ba, ba kuma wanda masu mai ke zuƙo fetur da shi ba. Gajere, kada ya wuce mita 1 da rabi, kada ya bi ta bayan tanda, kada a binne shi a bango. A ɗaure bakinsa biyu da zoben ƙarfe mai noti. Na ga inda aka ɗaure da wayar birkila, na ga inda aka naɗe da tsinken robar tayar keke, mai gidan kuma yana da digiri biyu. Araha ba ta ado, balle a nan. Tiyo yana tsufa, zafinmu na bazara yana busar da shi ya tsattsage, ɓera yana gwada haƙori a kansa. Ka riƙa lanƙwasa shi kana dubawa, in ka ga zane-zanen tsagewa ka canza, kada ka jira shekarunsa su cika.

In an gama haɗawa, a kaɗa omo a kofi, a shafa kumfar a kowace mahaɗa, tun daga bakin tukunya har gindin murhu, a buɗe gas a zuba ido. Inda kumfa ta kumbura tana ƙwai, nan ne. Duk mai haɗawar da ya zaro ashana ko laita don ya gwada yoyo, ka biya shi kuɗin motarsa ka sallame shi.

Yanzu bari in taɓo inda maza ba sa so. Kai ke biya, amma ba kai ke girki ba. Ka taɓa tambayar mai ɗakinka yadda take son wurin? Murhun gilashin nan an yi shi ne don mutanen da ke dafa abincin mutum uku a 'yar tukunya mai hannu. Mu kuwa gidan tuwo ne. Kanta mai tsayin santimita 90, a ɗora mata tukunyar da za ta ci da mutum 12, a ce mace ta tsaya ta tuƙa da muciya: kafaɗarta za ta gaya mata, gilashin ma zai gaya maka. Tuƙi yana son tukunya a ƙasa, mace a kan kujera 'yar tsugunne, ƙafa ta tokare. Kuma babbar tukunya in ta rufe kai ta baje, zafin yana komawa kan gilashi da maɓallan. Abin da na ga masu hankali suna yi shi ne su bar na gilashi ga miya da shayi da taliya, su ajiye murhun ƙarfe mai kai ɗaya a ƙasa, a rumfar tsakar gida, don tuwo da dambu da girkin suna. Kada ka rushe tsohuwar madafa. Ran da gas ya yanke ana tsakiyar talge, ko ran da kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo kamar yadda ya saba, za ka gode mini.

Ita kanta tukunyar tana da shekaru. Ka duba wuyanta ko gindinta, an buga shekarar da aka ƙera ta da nauyinta in ba komai a ciki. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sa wa tukunyar gas wa'adin shekara 15. Da yawa daga waɗanda ke yawo a kasuwa sun wuce haka, an shafa musu sabon fenti an sa cikin kayan amarya. Mai tsatsa a gindi, mai lotsawa, mai alamar walda, kada ta shigo maka gida ko kyauta ce. Wurin cikawa kuma a ɗora a sikeli kana gani. Ba a cika tukunya maƙil, ana barin wajen kashi ɗaya cikin biyar fanko saboda ruwan yana kumbura in ya ji zafi, kuma ka san Maris da Afrilu a nan zafi na haura digiri 40. Mai gas ɗin da ya ce zai yi maka gyara ya danna fiye da awo, ba alheri ya yi maka ba. A ɗauko ta a tsaye, kada ɗan acaɓa ya kwantar da ita a kan tanki, kada a bar ta cikin but ɗin mota a rana ka shiga kasuwa. Ka kuma guji shagunan da ke juye gas daga tukunya zuwa tukunya a tsakiyar jama'a, kusa da mai shayi da mai cajin waya. Ranar 4 ga Janairun 2020 irin wannan shago ya tashi a Sabon Tasha a Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana nazarin makamashin nukiliya, gas ɗin girki na shagon maƙwabta ne ya yi ajalinsa.

In aiki ya kammala, saura mutanen gida. Ba uwargida kaɗai ke shiga kicin ba. Akwai 'yar aiki da aka kawo daga ƙauye jiya, akwai ƙanwarka da ta zo hutu, akwai almajirin da ke wanke-wanke, akwai yaro ɗan shekara 4 da ke ganin maɓalli abin wasa ne. Ka tara su ka nuna musu da hannunka. In murhun na ashana ne, a ƙyasta kafin a murɗa. In an gama girki a rufe daga tukunya, musamman da dare. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu kada a kwanta a bar wuta a gida, wannan ma wuta ce ko da ba ta ci. In an ji wari, kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kada a kunna fanka wai ta kore shi, kada a shiga da fitila ana neman inda yake fita. A rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita tsakar gida, a yi waya daga can. In mai ya kama a kasko, murfi ake kifawa a kashe murhu, ba a watsa ruwa. Ke kuma 'yata, in kina ji na, hijabin nan mai santsi da mayafi mai lilo ba kayan bakin murhu ba ne, irin yadin nan narkewa yake ya manne a fata. In tsautsayi ya faru an ƙone, ruwa mai tsabta mai sanyi za a yi ta kwarara wa wurin kamar minti 20, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba baƙin mai ba, sannan a nufi asibiti. Babbar ƙuna kuwa sai an dangana da Katsina, tafiyar kusan awa guda, a kan hanyar da ba kowa ke son bin ta da dare ba.

Ɗan ƙanen nawa bai ji daɗin maganata ba ran nan. Ya ce Baba, yanzu sai in fasa tayil ɗin da na biya? Na ce guda nawa? Muka ƙirga, guda 3 ne za a cire a huda bango. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa ba ta ce komai ba sai da ya fita raka ni, ta biyo mu har zaure da ledar kuka da daddawa, ta ce a kai wa Inna. Ta rage murya ta ce, Baba, dama tun da aka haɗa, kullum da asuba in na buɗe kabad ɗin nan sai na ji wari, na faɗa masa ya ce sabon fenti ne.

Da na koma bayan sati biyu na tarar da tukunyar a bayan ɗaki cikin kejin ƙarfe, an ɗora mata guntun kwano. A gurbinta na da kuwa, ta jera robobin gero da na wake.